Idan Dabba Ba Ta Da Maɓoya, Farauta Ce?

A jihar Teksas ta ƙasar Amurka, da wasu jihohin kudu maƙwabtanta, akwai wani aiki da ake yi da tsakar dare wanda masu yin sa ke kira farauta. Mutum biyu ko uku za su tsaya da mota a bakin gonar masara, ko ta gyaɗa, ko ta shinkafa. Ɗaya daga cikinsu ya fiddo ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin wanda muke ce wa diron, wanda da kaɗan ya fi faifai faɗi, ya tashe shi sama. A cikin jirgin akwai kamara wadda ba ruwanta da hasken rana ko na wata, ɗumin jiki take gani. A kan allon da ke hannun mai tuƙin, gona takan fito toka-toka, duk abin da ke da jini a jika kuma ya fito fari fat. Sai ya ƙirga: manya shida, ƙanana goma sha ɗaya. Ya gaya wa masu bindiga ta rediyo su bi ta gefen rafi, don iska daga gabas take kaɗowa, kuma saura mita ɗari su isa. Su ma bindigoginsu na ɗauke da madubin ganin ɗumi. Bayan ƴan mintoci fararen ɗigon nan za su watse, wasu su tsaya cak inda suke, jirgin ya bi waɗanda suka gudu har cikin ciyawar da suka shige. Aladen daji ne. Duk mai rezo zai iya ganin irin wannan bidiyo a YouTube, yawanci da kiɗa a bayansa.

Tun kafin mu yi nisa bari in faɗi matsayina, kada a ɗauka hawayen alade na zo zubarwa. Na yarda a kashe dabbobin nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sunan da aka ba aikin, kuma ina ganin sunan ba ƙaramin abu ba ne, don shi ke sa aikin ya ƙi ƙarewa.

Aladen nan ba ƴan asalin Amurka ba ne. Turawan Sifaniya ne suka kawo su a ƙarni na 16 don guzuri. Hernando de Soto ya sauka Fulorida da garkensa a 1539, wasu suka kuɓuce suka shiga daji. Ɗaruruwan shekaru manoman kudancin ƙasar suna sakin aladensu su yi kiwon kansu, wasu ba su dawo ba. Daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, masu kuɗi suka shigo da aladen dajin Turai don su riƙa harbi suna jin daɗi, waɗannan ma suka fasa shinge suka yi barbara da na farko. Yau ma'aikatar noma ta Amurka na ƙiyasta sun haura miliyan 6, a cikin jihohi wajen 35, kuma Teksas kaɗai na da fiye da miliyan 2. Ɓarnar da suke yi an daɗe ana ƙiyasta ta da dala miliyan 1500 a shekara, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, kuma ƙiyasin baya-bayan nan ya zarce haka.

Wanda ya taɓa shuka zai gane abin da lissafin ke nufi. Alade ba ya cin gona kamar yadda akuya ke ci, ta tsinki ganye ta wuce. Tonewa yake da hanci. Garke guda zai bi layin masara da aka shuka jiya ya tone iri ɗaya bayan ɗaya, kafin asuba gona ta koma kamar an yi mata huɗa da garma marar saiti. Suna cin ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, suna cin ƴan raguna da ƴan barewa, suna dama ruwan sha, suna ɗauke da cututtukan da ke kama shanu da mutane. Ga haihuwa. Macen na iya ɗaukar ciki tun ba ta shekara ba, cikin wata 3 da sati 3 da kwana 3 ne, ta zubo biyar ko shida, wani lokaci fiye, kuma tana iya yin haka sau biyu a shekara. Masana a Teksas sun lissafa cewa sai an kashe wajen kashi biyu cikin uku na dukkansu kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake, ba ma ya ragu ba. Ɗan manomin gyaɗa daga Madarumfa ko Matamai ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan baƙin cikin mutumin da ya wayi gari ya tarar da haka. Wannan manomi yana da gaskiya, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba bai rage masa ita ba.

To, me kamarar take gani? A 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa aza ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Ashe akwai hasken da idonmu bai kai gare shi ba. Kowane jiki mai ɗumi na fitar da irin wannan haske, dare da rana, ko ya so ko bai so ba. Jikin alade na wajen digiri 39, ƙasar gona kuwa takan huce da dare, bambancin nan shi kamara ke mayarwa hoto. Ba ta gani ta cikin gilashi, kuma rassan kurmi masu kauri na tare ta, amma a fili ko cikin ciyawa, babu maɓoya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: dabba na iya yin shiru, tana iya daina motsi, tana iya bin iska don kada a ji warinta, amma ba ta iya daina ɗumi sai ta mutu. Abin da ke tona ta shi ne kasancewarta da rai.

Kuma daren nan da aka ƙwace mata, ba da shi ta fara ba. Alade ba shi da gumin kirki, shi ya sa yake birgima cikin taɓo, yake guje wa rana. Amma inda aka matsa masa da harbi yakan bar fitar safe da ta maraice ya koma fitar tsakar dare ɗungum. Dabba ce mai koyo, wadda in ta tsira daga tarko sau ɗaya da wuya ta sake shiga. Idonta ba shi da ƙarfi, hancinta ne makaminta, duhu kuma garkuwarta. Mu da muke cewa dare mahutar bawa mun san cewa ko wanda ba shi da komai yana da dare.

Yanzu mu dawo gida, ga kalmomi, tunda nan ne gonata. Hausa ba ta da kalma ɗaya tak ga wannan sana'a. Akwai farauta, wadda ta jama'a ce: da rani, bayan an kawar da amfanin gona, samari da karnuka da sanduna da kiɗa, a kewaye daji a tayar da abin da ke ciki, wanda ya riga ya samu, wani lokaci har a yi faɗa kan zomo guda. Akwai kuma halbi, ko harbi a bakin Kanawa, wanda aikin mutum ɗaya ne da ya gada, mahalbi mai baka da kwari, mai sanin sawu da kashi da iska, mai kwana bisa icce. Akwai ɗana tarko, akwai haƙo, akwai kamu. A cikin dukan waɗannan kalmomi akwai abu guda da ba a faɗa amma yana nan: ana iya dawowa hannu rabbana. In ka ce wa mutum wane ya tafi farauta, tambayar da za ta biyo baya ita ce, ya samo? Ba wanda ke tambayar mahauci ko ya samo in ya dawo daga mayanka. Kalmar farauta na ɗauke da yiwuwar rashi a cikinta, kamar yadda kalmar kokowa ke ɗauke da yiwuwar faɗuwa. Kokowar da aka san wanda zai yi kaye tun kafin a shiga fili, mun san sunan da ƴan kallo ke ba ta.

Ku duba kuma yadda mahalban da suke ɗaukar daji. Daji a wurinsu gidan wasu ne, ana shiga da izini. Akwai sarkin dawa, akwai buɗin daji kafin a fara, akwai namun da ba a taɓawa sai da shiri don ana tsoron abin da zai biyo baya. Ba na cewa duk abin da suka yi imani da shi gaskiya ne, malamanmu sun daɗe da yin magana a kan wannan. Abin da nake nunawa shi ne mutanen sun ɗauki dabba a matsayin abokin karawa mai nasa makamai. Har laƙanin da mahalbi ke nema ya nuna haka: baduhu. Ku raba kalmar biyu, ba da duhu. Mahalbi na roƙon a ara masa ɗan duhu ya rufe kansa, don ya san dabba ta fi shi ji, ta fi shi shaƙa, ta fi shi sanin wurin. Jirgin Teksas ya cika wannan tsohon buri fiye da yadda kowane boka ya taɓa alkawari. Mai harbi ya samu duhu duka, dabba ba a bar mata ko kaɗan ba.

Su kansu Amurkawa sun san wannan magana, ba mu muka koya musu ba. A 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, ya kafa ƙungiyar mafarauta mai suna Boone and Crockett tare da abokansa, a lokacin da ɓaunar ƙasarsu ta kusa ƙarewa saboda harbin kasuwa. Ƙa'idar da ƙungiyar ta yi suna da ita ita ce a bi dabba bisa adalci, wato kada mafarauci ya ɗauki wata dabarar da za ta hana dabba damar tsira. A 1971 majalisar ƙasar ta hana harbin namun daji daga jirgin sama sai da izini na musamman. Da ƙananan jiragen nan suka yaɗu, jihohi da yawa suka hana amfani da su wajen farautar barewa da makamantanta. Ke nan in barewa ce, sun yarda jirgi ya ɓata farauta. In alade ne fa? A 2011 Teksas ta yarda mutum ya biya kuɗi ya hau helikofta ya yi ta harbin aladu daga sama. A 2017 ta ƙara da balan-balan mai tashi da iska mai zafi. A 2019 ta ce ba a ma buƙatar lasisin farauta in a gonar wani ne kuma ya yarda. A 2022 hukumar namun dajin jihar ta buɗe ƙofar neman su da jirgi marar matuƙi da daddare ga masu izini. Hujjar ita ce alade ba naman farauta ba ne, annoba ce.

Na karɓi hujjar. Amma in annoba ce, a yi mata abin da ake yi wa annoba. A nan ƙasar in fara ta sauka, ko jan baki ya addabi gero da shinkafa, ma'aikatan kare tsirrai ne ke fita, wani lokaci har da jirgi. Sunan aikin feshi. Ba wanda ke biyan kuɗi don a bar shi ya riƙe bututun maganin, ba wanda ke ɗaukar hoto ya taka tarin gawar tsuntsaye yana murmushi, kuma da a ce fara za ta ƙare gaba ɗaya gobe, ba mai yin kuka. Abin da ke faruwa da aladen Amurka daban ne. Ana son a ci riba biyu a lokaci guda: a ce annoba ce don a kuɓuta daga ƙa'idodin farauta, sannan a ce farauta ce don a ji daɗinta, a kuma sayar da ita. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, baƙo ya zo daga birni ya biya kuɗin dare guda, a ba shi bindiga da madubi, a kai shi har gaban garke.

Wani zai ce to mene ne, in dai aladen na mutuwa, manomi na hutawa, mai harbi ya ji daɗinsa mana. Nan ne tarihi ya ba da amsar da ta fi tawa ƙarfi. Jihar Tenesi ta daɗe da aladen daji a ƴan yankuna kaɗan. A 1999 ta buɗe farautarsu a faɗin jihar, duk shekara, ba iyaka, da nufin a rage su. Cikin shekara goma da ɗoriya sai ga aladu a mafi yawan gundumomin jihar, har wuraren da alade ba zai kai kansa da ƙafa ba. A mota aka kai su. Mutanen da suka ɗanɗana farautar suka riƙa kama su da rai suna saki kusa da gida don su ma su samu abin harbi. A 2011 jihar ta janye, ta cire alade daga jerin naman farauta. Jihar Misuri ta hana farautar alade a filayen hukumar kare dajinta a 2016, ta ce wa mutane in kun gani ku kawo rahoto, kada ku harba. Dalilinta biyu ne. Na farko shi ne wanda muka gani a Tenesi. Na biyu kuma, in ma'aikata sun yi sati biyu suna zuba hatsi don garke ya saba da shiga wani babban keji, suna jira ranar da duka za su shiga a saki ƙofa, sai mai bindiga ya zo ya kashe biyu, sauran ashirin su watse, su koyi darasi, su koma gonar maƙwabci.

Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa suna na da aiki. Wanda ke yaƙi da annoba burinsa ranar da aikinsa zai ƙare. Wanda ke farauta, balle wanda ke cin abinci da kai mutane farauta, ranar da alade na ƙarshe ya mutu ranar makokinsa ce. Ba sai ya zama mugu ba. Ya isa kawai a ce kuɗin jirginsa da na kamararsa bai gama fita ba. Mai sayar da maganin sauro ba ya addu'ar damina ta yi ƙaranci.

Akwai wata kalmar da ta ƙara ba ni mamaki. A takardun hukumomin namun daji na Amurka, in mafarauci ya kashe dabba, kalmar da aka fi amfani da ita ma'anarta girbi. An girbe barewa kaza a bana. Kalma ce mai sanyi, ba jini a cikinta, amma ku lura da abin da ta ɓoye: abin da ake girbewa, ana sa ran baɗi ma ya fito. Faransa kuma, a dokarta ta 2016, ta cire tsohuwar kalmar da ke kiran wasu dabbobi masu cutarwa, ta maye ta da doguwar jimla mai nufin dabbobin da ka iya yin ɓarna. Wasu sun yi dariya, suka ce wasa da kalmomi ne. Ni a ganina gyara ne na gaske, don kalmar farko hukunci ce a kan halittar dabba, ta biyu kuma bayani ne a kan abin da takan yi a wani wuri, a wani lokaci. Aladen da ke tone gona a Teksas bai yi laifin komai ba, mutum ne ya ɗauko kakanninsa a jirgin ruwa.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, don an faɗa mini shi baki da baki a fak: “Haba kamarad, alade ne fa! Duk dabbobin duniya ka rasa wadda za ka tsaya wa sai wagga?” Harshenmu ma ya nuna irin nisan da muke yi da shi. Alade aro ne daga Yarbanci, alhanzir daga Larabci, gyadon dajinmu kuwa sau da yawa ba ma kiran sunansa, sai mu ce mugun dawa. Amma haramcin da muka sani na ci ne. Ban taɓa jin malamin da ya ce haramcin cin dabba ya halatta wasa da ranta ba. Abin da muka koya tun muna makarantar allo shi ne an umurce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, an kuma hana a mayar da mai rai abin gwada saiti. A Risala, wadda kusan kowane gidan malami a ƙasar nan ke da ita, farautar da aka yi don wasa kawai makaruhi ce, wadda aka yi don buƙata kuwa halal. Ashe fikihunmu ma ba dabba kaɗai yake dubawa ba, yana duba abin da ke zuciyar mai riƙe da makami. Dabbar da ba wanda ke so ita ce ma'aunin da ya fi nuna gaskiya, don tausayin barewa ba ya buƙatar tarbiyya, idonta kaɗai ya isa.

Dole kuma in ba jirgin haƙƙinsa, don a wasu fuskoki ya fi abin da ya gada sauƙi. Wanda ya san yadda ake bin alade da karnuka, su riƙe shi ta kunne yana kururuwa har a zo a soke shi da wuƙa, karnukan ma a fasa musu ciki, ba zai ce wannan ya fi jinƙai ba don kawai ya fi tsufa. Guba kuma ba ta tambayar wanda ya ci. Mai jirgi yana iya bambanta alade da ɗan maraƙin maƙwabci kafin a ɗana kunama, yana iya gano wanda aka ji wa rauni a ƙarasa shi maimakon ya kwana uku yana mutuwa cikin ciyawa, yana iya ƙirga garke don mai keji ya san ko duka sun shiga. A hannun ma'aikacin da aka ɗora wa aikin rage su, wanda za a tambaye shi lissafi, na'ura ce mai kyau. Ita ɗin ce dai a hannun baƙon da ya biya kuɗin dare guda, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Abin da allon ke yi wa mai kallo shi ne ya fi damuna, kuma a nan ba zan iya yin kamar daga wata duniya nake rubutu ba. Mahalbin da ya kusanci dabba taki ashirin yana jin numfashinta, yana ganin ko mace ce mai shayarwa, in ya kashe ta hannunsa zai taɓa jininta. A kan allo babu ido, babu kuka, babu wari. Akwai farin ɗigo mai motsi, sannan farin ɗigo marar motsi, wanda a hankali zai dushe ya koma launin ƙasa. Ƙananan ɗigon da ke zagaye babbar da ta faɗi, su ma lamba ce. Na ga yara a unguwa suna kallon irin bidiyon a waya suna ihu kamar wasan kwamfuta, kuma ban ga laifinsu ba, don an yi shi ne ya yi kama da hakan.

Mu kuwa mun zauna ƙarƙashin manyan yayyen wannan jirgi. Sansanin jirage marasa matuƙa da Amurka ta gina a Agadas yana nan har 2024 da sojojinta suka tattara suka bar ƙasar, kuma ƙasashen yankin nan yanzu kowace na sayen nata. A watan Disamba na 2023, a Tudun Biri cikin jihar Kaduna, jirgin sojan Najeriya marar matuƙi ya saki bam da daddare a kan masu Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar ta ce kuskure ne. Ba ina haɗa mutum da alade ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne kallo daga sama yana da ɗabi'arsa, ko me ake kallo: yana nuna maka inda abu yake da kyau ƙwarai, ba ya gaya maka ko wane ne. Sauran kai ne za ka cika da abin da ka riga ka yi imani da shi. Wanda ya tashi jirgi yana neman annoba, annoba zai gani. Shi ya sa ba na son a koya wa ido jin daɗin wannan kallo, ko da a kan alade ne.

Kuma abin zai iso dajinmu, in bai riga ya iso ba. Jirgin da ke ɗaukar bidiyon biki a Yamai da Damagaram shekara goma da suka wuce abin kallo ne, yau ko ɗan ƙaramin buki ana ganin sa. Mai kamarar ɗumi ya fi tsada, amma waya ma da tsada ta fara. Mun riga mun ga abin da sabon kayan aiki ke yi wa daji. Mariri ya zauna a sahel dubban shekaru tare da masu baka da masu doki, da mota mai shiga rairayi da bindiga mai sarrafa kanta suka haɗu da fari, a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata a waje zuwa Chadi. Dokar farauta ta ƙasarmu, ta 1998, ta hana farautar dare da farauta daga cikin mota, wato masu rubuta ta sun fahimci cewa fitila da inji na karya wani abu. An rubuta ta kafin fitilar da dabba ba ta ganin haskenta ta yaɗu. Mu kuma ba mu da aladen da ke zubo goma a shekara. Abin da ya rage mana ƴan barewa ne a Gadabeji da Tarmit, masu haihuwar ɗaya, da gyado da zabin daji nan da can. Wanda zai fara tayar da jirgin ba zai rasa hujja ba, zai ce gyado ya tone masa rogo, kuma wataƙila gaskiya ne.

Akwai wata ƴar kariya da yanayinmu ya ba su. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, rairayi da duwatsu kan riƙe zafin rana har dare ya raba, kamara ta rikice, dutse da dabba su fito kusan launi ɗaya. Amma farauta a wurinmu ta fi yawa bayan kaka, lokacin ɗari, kuma a lokacin ƙasa na hucewa tun bayan isha'i.